Kwikwiyon Yaya da Ƙusoshin Baranda

Litinin, 1 ga Satumba

Yaya ya kawo mana kare. Kare fa. Ɗan kwikwiyo ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a cikin kwalin sabulu. Wai a ƙarƙashin babbar motarsa ya tsince shi a gareji, mota ta take uwar. Gobe da sassafe kuma zai kama hanya da kaya, sai bayan sati uku. "Ki riƙe min shi, Auta, in na dawo in mayar da shi gareji ya yi gadi. Ɗan wannan abin me zai ci miki?"

Na ce Yaya, ka dubi gidan nan da kyau. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, na kwaso keken ɗinkina na dawo ɗakin gaba, ina jinya ina ɗinki. Ni ce girki, ni ce wanki, ni ce magani, ni ce kasuwa. Yanzu kuma in zama uwar kare? Ya yi dariya, ya leƙa ya gaida Baba, ya fice. Ko zama bai yi ba.

Baba, da tun muna yara in kare ya gifta ƙofar shagonsa sai ya bi shi da guntun katako, ya kalli kwalin sau ɗaya ya mayar da fuskarsa bango. Shi yanzu komai ka kawo masa bango yake kallo.

Na kafa doka. Tsakar gida da baranda kawai, ba shiga ɗaki.

Laraba, 3 ga Satumba

Silifas ɗina, ƙafar hagu. Ga amsar tambayar Yaya nan.

Alhamis, 4 ga Satumba

Mai gashin ƙashi ya zo, kamar kowace Alhamis. Ya murza, ya lanƙwasa, ya miƙar, sannan ya ce Baba ya gwada tashi tsaye. Baba ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya miƙa masa sanda, ya ƙi ko kallonta. Ni na san dalili. Shi ya sassaƙa wa Inna ita da hannunsa, mai lanƙwasasshen kai, lokacin da gwiwa ta matsa mata. Tun da ta rasu bara sandar take jingine a bayan ƙofa.

Da na raka mutumin bakin ƙofa sai ya rage murya. Ya ce ƙafar nan ba ta mutu ba, amma in aka ƙara wata ɗaya zuwa biyu bai taka ta ba, jijiyoyin za su ƙage, shi ke nan sai kujera har ƙarshen rai. "Ba ƙafar ce ta ƙi ba, mai ƙafar ne." Na ce to in ɗaga shi in kafe a ƙasa? Ya ce in dai riƙa jingine sandar kusa da kujerarsa mai taya in na turo shi baranda da safe, ko zai ji kunyarta.

Mutumin da ya shekara arba'in yana kafinta, rabin ƙofofin unguwar nan aikin hannunsa ne, yau kofi ma sai na riƙe masa. Tun jiya nake son in yi kuka ban samu lokaci ba.

Na dawo na tarar kwikwiyon ya yi kaca-kaca da ƙwallon robar da aka ba Baba ya riƙa matsawa. Ba wata asara. Baba bai taɓa matsa ta ba ko sau ɗaya.

Lahadi, 7 ga Satumba

Soson wanka. Igiyar cajin waya. Kan tsintsiya. Ludayin katako, tun na Inna. Ƙafar kujerar roba, ita ba ta cinyu ba amma ya yi iya ƙoƙarinsa. Doka kuwa ko a jikinsa, da na juya baya ya faɗa ɗakin ɗinki ya fito da tef ɗin awona yana ja kamar ya kamo maciji. Daga ɗaya zuwa sha huɗu babu. Yau da safe ina kwashe kashinsa a bayan rijiya na ga lamba tara tana kallona.

Ba yunwa ba ce, yana ci har cikinsa ya yi tim. Maƙwabciya ta ce haƙora ne ke masa ƙaiƙayi. Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake min, na dai danne.

Abin da ya fi ba ni haushi, in ya gama ɓarnar sai ya je ya kwanta daidai tayar kujerar Baba, ya ɗora haɓa a ƙasa ya zuba min ido, kamar ni ce na shigo gidan ba sallama.

Talata, 9 ga Satumba

Na gaji da tsinta. Na buɗe akwatin kayan aikin Baba, na ɗauko guduma da ƙusoshi, na bi bangon baranda na kafa guda tara a jere, daga gefen kujerarsa har ƙofar kicin, daidai kafaɗata. Takalma, tawul, tsintsiya, jakar kasuwa, duk sun hau sama. Rimot yana kan firji. Wanda ya shigo zai ɗauka ambaliya aka yi.

Babu ƙusa ɗaya da ta shiga a miƙe. Biyu sun lanƙwashe, na daki babban yatsana har na ga taurari. Baba yana zaune yana kallo. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi, na tsaya da gudumar a hannu ina jira, ko zagi ne ma ya zage ni. Sai ya mayar da fuskarsa bango.

A da ko cokali na riƙe a karkace sai ya ce, "Uwata, gyara." Rabon da ya kira ni da sunan nan tun kafin ya faɗi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Takalmin zuwa kasuwa. Da hannuna na rataye shi a ƙusar farko, na shiga na hau keke, bayan awa ɗaya na fito na same shi a bakin ɗan banzan nan. Ƙusa daidai kafaɗata, kare ko gwiwata bai kai ba. Iska? Babu iska yau, ko ganye bai motsa ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Tawul, daga ƙusa ta biyu. Na ce, "Baba, ka ga yadda ya yi ya sauko da shi?" Ya rufe ido.

Ko dai ni ce nake tsammanin na rataye alhali ban rataye ba? Ɗazu na zuba gishiri sau biyu a miya. In kaina ya taɓu a gidan nan wa zai yi jinyar wa.

Talata, 16 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Rigar matar mai kantin magani. Kwana shida ina kanta, duwatsun wuya ɗaya bayan ɗaya na ɗinka su da allura, idona har yana ruwa. Na goge ta, na sa a hanga, na rataye a ƙusa ta uku kusa da wani tsohon takalmi don ta sha iska kafin matar ta zo. Na koma ciki in ƙarasa wani siket. Da na fito riga tana ƙasa, hannu ɗaya babu, rabin zif babu, shi kuma yana kwance a kanta yana tauna.

Na ɗauki tsintsiya. Ban taɓa dukansa ba sai yau. Na zabga masa sau biyu, ya yi ƙara ya shige ƙarƙashin kujera, na ɗaga zan ƙara sai na ji, "A'a!" Da ƙarfi. Baba ne. Muryarsa ta da, ta cikin shago.

Da na sani da na yi shiru. Amma kaina ya riga ya ɗau zafi. Na ce, "Au, ashe kana magana? Wata huɗu ina ɗaga ka ina kwantarwa, ko sannu ba ka taɓa ce min ba, sai a kan kare bakinka zai buɗe?" Ya sunkuyar da kai. Allah ya yafe min, ubana na faɗa wa haka.

Matar ta zo, ta ɗaga rigar da yatsa biyu, ta ce ita ba ta taɓa jin telar da ke kiwon kare a wurin sana'a ba. Na ba ta haƙuri har bakina ya bushe. Ta kwashe sauran yadinta ta tafi, kuma na san kafin gobe rabin matan layinsu sun ji.

Na kira Yaya. Ya ce Asabar zai shigo gari. Na ce kafin ka sha ruwa ka zo ka ɗauki abinka, in ba haka ba wallahi na buɗe masa ƙofa.

Laraba, 17 ga Satumba

Tun safe kwikwiyon yake amai. Bai taɓa abincinsa ba, yana kwance a jikin randa, cikinsa ya yi tauri. Na ce can ta matse masa, shi ya jawo. Na hau keke na yi layi biyu, duk a karkace, na farke. Na leƙo, Baba ba bango yake kallo ba yau, randa yake kallo.

Na roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, na sa kwikwiyon a kwalinsa na fita. Masu mota biyu suka ƙi ɗaukata da suka ji abin da ke ciki. Likitan dabbobi ya latsa cikin, ya tambayi me ya ci. Na ce ka zauna, labarin da tsawo. Ya ce guntun zif ne da ƙyalle suka tsaya masa, sai ya kwana biyu a wurinsu, in abin bai fita da magani ba sai an yi aiki. Yana cike takarda ya ce, "Sunansa?" Na ce ba shi da suna, ba nawa ba ne. Ya ɗago ya kalle ni, ga ni da amai a gefen zani, ya ci gaba da rubutunsa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Gida tsit. Na ajiye takalmi a ƙasa na dawo na same shi a inda yake, har na tsaya ina kallonsa. Baba bai karya ba, da rana cokali biyu ya yi ya ture.

Mai gashin ƙashi ya zo. Ya kama ƙafar hagun, ya matsa sharaɓar, ya sake matsawa, ya ɗago ya dube ni. Da muka fito ya ce, "Wa ke tsayar da shi?" Na ce babu. Ya ce ƙafar nan an taka ta, kuma ba sau ɗaya ba, naman ya fara dawowa. Na ce ni dai daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado. Sai ya koma ya ɗauko sandar Inna, wai zai duba robar ƙasanta, ya fito da ita ya nuna min. Robar ta fara cinyewa ta gefe guda. A kan lanƙwasar kuma ga shuɗin fenti, irin na bangon barandarmu.

Da ya tafi na shigar da Baba ɗaki, na fito na bi bangon. Ƙarƙashin ƙusar farko duk karce ne. Ta biyu ma haka. Ta uku akwai dogon karce guda, ya zame gefe, daidai inda na rataye rigar. Ashe tsohon takalmin ne Baba yake nema da sandar, hannunsa ya kuskure.

Ta farko sai ya miƙe tsaye zai kai. Ta uku sai ya yi taku biyu. Shi kaɗai, babu mai riƙe shi, a kan siminti, ni ina ciki ina ta taka keke kamar sakarya. Da ya faɗi fa? Na zauna a kicin a kan bokiti na yi kukan da nake ta ɗagawa tun farkon wata. Ban san ko na murna ne ko na haushi ba. Likitansa ya roƙe shi, ni na roƙe shi, Yaya ya roƙe shi, bai tashi ba. Sai don ya sauko wa kare da takalmi.

Mai gashin ya ce kada in tambaye shi, in na tambaya zai daina. Ni ma na san halin ubana.

Asabar jibi ce.

Juma'a, 19 ga Satumba

Zif ya fita, ba a yi aiki ba. Na je na ɗauko shi, ya rame, an aske masa ƙafa ɗaya inda aka sa ruwa. Likita ya ba ni magani na kwana biyar, ya ce in nema masa babban abu mai tauri wanda ba zai haɗiyu ba, haƙoran ba za su bar shi ya huta ba sai ya kai wata shida ko bakwai. Wata shida. Na ce Allah ya kai mai shi.

Ina sauke kwalin ya ja jiki ya je ya kwanta a gindin tayar. Baba ya kalli bango. Amma hannunsa na dama ya sauka a hankali har ya kusa taɓa kunnen nan mai kwanciya.

Na tattara guntayen wandon jins, na yi kitso mai kauri kamar damtsena, na ƙulle bakinsa biyu na bi da ɗinki. Na rataye a ƙusar farko, na ce da ƙarfi, kamar da bango nake, "Wannan na kare ne, sai yamma zan ba shi." Na shimfiɗa tabarma a wurin saboda santsi.

Ashe ƙarar keke Baba yake sauraro. In tana yi ya san ina ciki. Sai na juya madubin da masu ɗinki ke duba kansu ya fuskanci ƙofa, na zare zare daga allura, na yi ta taka keke babu komai a kai, idona a madubi.

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya laluba sandar. Ya dafa, ya yunƙura, ya koma. Ya sake. A karo na uku ya miƙe, duk jikinsa yana rawa, gumi a goshinsa. Na manta tsawonsa. Wallahi na manta Baba dogo ne. Kwikwiyon ya zauna a gabansa yana share ƙasa da wutsiya. Ya ɗaga sandar, ya maƙalo kitson, kitson ya faɗo ƙasa. Na ji ya ce, da bakin nan nasa da ya karkace, "Ungo, Zarto."

Zarto. Ashe har suna gare shi, ni ce ban sani ba.

Ƙafata ta ƙage a kan keken amma ban tsaya ba sai da ya zauna.

Asabar, 20 ga Satumba

Yaya ya zo da igiya a hannu, ko ruwan bai sha ba kamar yadda na ce. Na tare shi a tsakar gida na ce likita ya ce kada a motsa shi sai bayan sati biyu. Kwana biyar ya ce, amma Yaya ba ya nan lokacin.

"Ba ke kika kira ni kina ihu har na kusa barin titi ba?" Na ce ni ce, kuma ina nan a kan bakana, sati biyu ka zo ka ɗauki tsiyarka. Ya dube ni, ya dubi Baba. Baba yana kallon bango, hannunsa damƙe da sandar Inna har jijiyoyi sun fito. Yaya ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu, ya ce ko akwai abinci.

Laraba, 24 ga Satumba

Baba ya kai ƙusa ta huɗu. Ɗinkin mutane ya taru min, rabin safiya keken banza nake takawa. Zarto ya ci murfin bokiti.

Litinin, 29 ga Satumba

Ta shida. Jiya ya tsaya a ta biyar ya kasa dawowa, ya jingina da bango yana haki. Na ƙirga har ashirin, ina shirin tashi sai ya juyo da kansa. Bayana yana ciwo. Har yanzu bai ce min komai ba, ni ma ban ba shi haƙurin maganar da na faɗa masa ba. Kullum sai in buɗe baki in ji ya yi nauyi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ƙusoshi sun ƙare, jiya ya kai ta tara. Da safe na ɗauko guduma na je can kusa da ƙofar fita in kafa ta goma. Na buga, ta kwanta. Na ciro da ƙyar na sake, ta sake kwantawa. Ina tsaki sai na ji ƙwas, ƙwas, a bayana. Ban juya ba. Keke ba ya ƙara, ya san ina nan, na san ya sani.

"Uwata."

Na ce na'am, fuskata a bango.

"Ta karkace. Duk taran ma sun karkace. Kawo."

Ya jingina kafaɗarsa ta hagu da bango, ya miƙa min sandar, na miƙa masa gudumar. Hannun hagun ba zai riƙe ƙusa ba, ni na riƙe. Na ce, "Baba, yatsun ɗinki ne fa, da su muke ci." Ya ce, "Riƙe dai." Bugu uku. Ta shiga sak.

Muna tsaye a nan na ce, "Baba, maganar ranar nan..." Ya ce, "Sannu, Uwata." Shi ke nan abin da ya ce. Na shiga kicin na daɗe ina neman ashanar da ke hannuna.

Yaya ya kira da rana, wai sati biyu sun cika. Na ce garejin naku duk ƙusoshi ne da guntayen waya a ƙasa, wa zai tsaya ya duba abin da yake haɗiya? Ku nemi wani. Ba wai ina son shi ba ne. Wari gare shi, kuma ɗazu ma ya yaga min labule.

Silifas ɗin nan na dama, wanda ya rage shi kaɗai tun farkon wancan watan, yana bakinsa yanzu. Ba ba shi na yi ba, mantawa na yi da shi a ƙasa. Ina nan zaune a baranda ne kawai don kada ya haɗiye maɗaurin.